Tsiron da ke haɗa ƙasarsa a saman bishiya: sharhi kan Drynaria quercifolia

A kurmin kudancin Asiya, inda rassan manyan itatuwa ke haɗuwa su rufe sama, hasken ranar da ke isa doron ƙasa ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na wanda ya sauka a kan ganyayen ƙoli. Ƙaramin tsiron da ba shi da ƙarfin yin kututture mai tsawon mita arba'in yana da zaɓi kaɗan: ko ya haƙura da duhun ƙasa, ko ya nannaɗe wata bishiya ya hau, ko kuma ya rabu da ƙasa baki ɗaya ya tare a kan reshen wani. Tsire-tsiren da suka bi hanya ta uku sun kai kimanin nau'i 28,000 a duniya, wato kusan kashi 9 cikin 100 na dukan tsire-tsire masu jijiyoyin ɗaukar ruwa, kuma kowannensu ya samu hasken da yake nema ta hanyar sarayar da abubuwa biyu da ƙasa ke bayarwa kyauta, wato ruwa da taki. Drynaria quercifolia yana cikin waɗanda suka fi warware wannan matsala da dabara, domin shi ƙasar da ya rasa a ƙasa haɗa ta yake yi da kansa a sama. Siffarsa, da wuraren da ake samunsa, da halittun da ke zaune a jikinsa, har da irin barazanar da yake fuskanta, duk daga wannan dabara suka taso.

Tsiron ɗan dangin fan ne, wato tsire-tsiren da ba sa yin fure kuma ba sa yin iri, waɗanda nau'o'insu suka haura 10,000. Yankinsa ya faro daga Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, ya ratsa Miyanma da Tailan da Biyetnam da kudancin Sin, ya bi ta Maleshiya da Indunusiya da Filifin, ya dangana da Niyu Gini da arewacin Ostiraliya. Tsiro ne na ƙasa-ƙasa mai zafi, ba na ƙololuwar tsaunuka masu sanyi ba, kuma ba ya son tsakiyar kurmi mai duhu kamar yadda yake son bakin daji, da gaɓar kogi, da itatuwan gefen hanya, da lambunan mangwaro da kwakwa. Idan bai samu bishiya ba yakan kama dutse ko tsohon gini. Carl Linnaeus ne ya fara bayyana shi a 1753 da sunan Polypodium quercifolium, saboda wasu ganyayensa sun yi kama da na bishiyar ok ta Turai, sai John Smith na lambun tsirrai na Kew da ke Landan ya mayar da shi cikin jinsin Drynaria a 1841.

Mai karatun da ya tashi a ƙasar Hausa, da jin an ce tsiro yana zaune a kan bishiya, kauci ne zai faɗo masa a rai, kuma a nan ne ake buƙatar rarrabewa tun da wuri. Kauci, wanda tsuntsaye ke manna irinsa a rassan kaɗanya da ɗorawa, yana huda ɓawon bishiya ya shigar da wata gaɓa cikin itacen, ya riƙa zuƙar ruwa da gishirin da bishiyar ta jawo daga ƙasa, shi ya sa reshen da ya kama yakan kumbura ya rame daga baya. Drynaria ba ya huda komai. Saiwoyinsa suna manne ne a bayan ɓawo, ba sa shiga cikin jijiyoyin bishiyar, kuma abin da yake karɓa daga gare ta bai wuce wurin zama da busassun ganyayen da ta riga ta zubar ba. Wannan ba ya nufin cewa ba ya taɓa cutar da mai masaukinsa, domin tsohon tari da ya sha ruwan sama yana da nauyin da zai iya karya reshe mai rauni, amma wannan lahani ne na lodi, ba na tsotso ba, kuma wanda ya haɗa su a hukunci ɗaya zai sare abin da bai yi masa laifi ba.

Ginshiƙin jikin tsiron shi ne wani kara mai rarrafe, irin na citta, mai kauri kamar santimita 2 zuwa 3, wanda ke bin jikin kututture yana kewaya shi sannu a hankali. Cikinsa nama ne mai ruwa da sitaci, bayansa kuma lulluɓe yake da wasu ɓawo-ɓawo masu laushi ruwan ƙasa, masu kamar gashi, da ke rage masa asarar ruwa da zafin rana. Daga wannan kara ne ganye iri biyu ke fitowa, kuma sun sha bamban har wanda bai sani ba zai rantse tsire-tsire biyu ne suka haɗu a wuri guda. Iri na farko dogo ne, kore, mai sanda, yakan kai mita ɗaya ko ya wuce, an tsattsaga shi har kusa da jijiyar tsakiya. Shi ne ke haɗa abinci da hasken rana, kuma a bayansa ne kayan haihuwa suke. Iri na biyu gajere ne, mai faɗi, marar sanda, tsawonsa ba ya cika wuce santimita 40, kuma yana fitowa ne a tsaye ya jingina da kututture yana rufe karan. Wannan ganye na biyu ɗan lokaci kaɗan yake yi yana kore, sai ya mutu ya bushe ya koma ruwan ƙasa, amma ba ya faɗuwa. Jijiyoyinsa masu tauri suna riƙe shi a tsaye shekara da shekaru, sabon ganye yana hawa kan tsohon, har su zama wani kwando mai buɗaɗɗen baki da ke kallon sama.

A ganina wannan mataccen ganye shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a jikin tsiron, domin aikinsa na gaskiya sai bayan mutuwarsa yake farawa. Duk abin da ya faɗo daga sama, busasshen ganye ne, ko ɓawo, ko fure, ko kashin tsuntsu da na jemage, ko gawar ƙwaro, yana maƙalewa tsakanin kwandon da kututture. Ruwan saman da ke gangarowa ta jikin bishiya, wanda ya riga ya wanko ƙura da gishiri daga ganyayen sama, shi ma a nan yake tsayawa. Ƙwayoyin halitta da naman gwari da ƙananan ƙwari sai su shiga ruɓar da tarin, ya koma baƙar ƙasa mai laushi, saiwoyin tsiron kuma su kutsa cikinta suna ɗibar naitirojin da fosfaras da sauran abin da ya samu. Ƙasar tana kuma riƙe ruwa kwanaki bayan an ɗauke sama, alhali ɓawon bishiya tsirara yakan bushe cikin 'yan sa'o'i. Abin lura shi ne cewa tsiron yana kashe ƙarfinsa wajen ƙera ganyen da kusan ba zai samar masa da abinci ta hanyar haske ba, kuma wannan ciniki ba zai yi riba ba sai idan abin da kwandon ke tarawa ya fi abin da aka kashe wajen gina shi. Yaɗuwar tsiron daga Indiya har Ostiraliya shaida ce cewa cinikin yana biya.

Rabon aiki tsakanin ganyen biyu yana ƙara bayyana idan rani ya shigo. A wurare irin su tsaunukan yammacin Indiya, inda damina ke zuba daga Yuni zuwa Satumba sannan a shafe watanni ba ruwa, dogon koren ganye yakan zama abin asara, domin ta cikinsa ruwa ke tsiyayewa zuwa iska. Sai tsiron ya zubar da shi: fallayen ganyen suna ɓallewa daga jijiyar tsakiya ta wani layi da aka tanada don hakan, a bar sandar tsirara. Abin da ya rage a jikin bishiya shi ne busasshen kwando, da karan da ke ɓoye a bayansa da ajiyarsa ta ruwa da sitaci, har zuwa ruwan farko, lokacin da sababbin ganyaye ke warwarewa daga naɗinsu. Wannan ne ya sa Drynaria quercifolia ke iya zama a dazuzzukan da ke da rani na sosai, inda wasu 'yan uwansa masu ganye iri ɗaya ba sa jurewa.

Sauran fan na saman itatuwa a yankin sun bi hanyoyi daban. Asplenium nidus yana jera korayen ganyayensa ne a da'ira su zama mazurari, saboda haka ganye ɗaya ke yin aikin biyu, kuma ya fi son inda laima ba ta yankewa. Platycerium coronarium yana da ganye iri biyu kamar Drynaria, duk da cewa kowannensu ya isa ga dabarar ta hanyarsa. Wasu nau'o'in Pyrrosia ba sa tara komai, sai dai ganyensu mai kauri yana buɗe ƙofofin numfashinsa da dare ya ɗauki iskar kabon, ya rufe su da rana, dabarar da masu bincike a Singafo suka gano a jikinsu a shekarun 1970. Lecanopteris kuwa kara mai rami yake yi, tururuwa su tare a ciki, sharar da suke tarawa ta zama takinsa.

Inda tsiron ke da rauni shi ne wajen haihuwa, kuma wannan rauni ne ke tsara masa iyakar ƙasarsa. A bayan dogon ganye akwai ɗigo-ɗigo zagayayyu ruwan ƙasa, a jere layi biyu tsakanin kowaɗanne jijiyoyi biyu na gefe, kuma wannan jeri mai tsari ne ke bambanta shi da makusancinsa Drynaria sparsisora, wanda nasa ɗigon a warwatse suke. Kowane ɗigo tarin ƙananan jakunkuna ne, kowace jaka kuma tana ɗauke da ƙwayoyi 64 na wata ƙura mai suna sifo. Jakar tana da wani zobe na ƙwayoyin halitta a bayanta, wanda idan iska ta bushe yakan tanƙware baya a hankali yana buɗe jakar, har sai ruwan da ke cikinsa ya tsinke ya zama tururi, sai ya dawo da ƙarfi ya harba ƙurar cikin iska. Ƙura ce marar nauyi da ke iya ƙetare teku. Bayan aman wutar dutsen tsibirin Krakatau na Indunusiya a 1883, wanda ya ƙone tsirran tsibirin, Melchior Treub na lambun binciken tsirrai na Bogor ya ziyarci wurin a 1886 ya tarar nau'o'in fan 11 sun riga sun kafu, kuma su ne suka mamaye cikin tsibirin kafin itatuwa su dawo, duk da cewa tazarar da ke tsakaninsa da Jawa da Sumatara ta kai kilomita 40 ko kusa da haka.

Sai dai sifo ba iri ba ne, domin ba ya ɗauke da jaririn tsiro ko guzuri mai yawa. Idan ya sauka a wuri mai danshi, abin da ke tsirowa wani ɗan falle ne kore, siriri, mai siffar zuciya, wanda bai kai santimita ɗaya ba, marar saiwa ta gaskiya kuma marar jijiyar ruwa. A ƙarƙashin wannan falle ne gaɓoɓin namiji da na mace suke, kuma ƙwayar namijin iyo take yi, saboda haka sai an samu shimfiɗar ruwa, ko da ta raɓa ce, kafin ta isa ga ta mace. Daga wannan haɗuwa ne tsiron da muke gani ke fitowa. Wilhelm Hofmeister ne ya fayyace wannan rayuwa mai zubi biyu a 1851, bayan an daɗe ana mamakin yadda tsiro marar fure ke haihuwa. Ma'anar wannan ga Drynaria ita ce, babban tsiro mai jure rani na watanni dole ne ya fara rayuwarsa a matsayin abin da rana ɗaya mai zafi za ta iya kashewa, a kan ɓawon bishiya, ba kwando, ba ajiya. Shi ya sa ake yawan ganinsa a kan itatuwa masu kaushin ɓawo da tsaguwa, da mararrabar rassa, da gindin tsofaffin ganyayen kwakwar manja, inda ɗan danshi da gansakuka ke daɗewa, kuma da wuya a gan shi a kan bishiya mai santsin jiki ko mai yawan saɓar ɓawo. A Singafo da biranen Maleshiya, bishiyar inuwa Samanea saman, wadda aka kawo daga nahiyar Amurka aka shuka a gefen tituna, ta zama ɗaya daga cikin manyan masaukan fan saboda faffaɗan rassanta da kaushin ɓawonta.

Wannan ne kuma ke bayyana abin da ya sa itatuwan Kano da Katsina da Maraɗi suke ɗauke da kauci amma ba sa ɗauke da irin wannan kwando. Kauci yana shan ruwan bishiya, don haka hunturu bai dame shi ba, amma tsiron da ruwansa ya dogara ga sama da raɓa ba zai tsallake watanni bakwai na rani da busasshiyar iska ba, musamman a matakinsa na falle. Sai an gangara kudu, zuwa kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru da Gana, ake cin karo da danginsa na Afirka, irin su Drynaria laurentii da Platycerium stemaria, suna manne a jikin kwakwar manja da manyan itatuwa da dabara iri ɗaya.

Ana yawan kiran fan tsofaffin tsire-tsire, kuma gaskiya ne cewa burbushin danginsu a duwatsu ya haura shekara miliyan 300, amma wannan magana tana ɓoye wani abu. Binciken ƙwayoyin gado da Harald Schneider da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, da wanda Eric Schuettpelz da Kathleen Pryer suka fitar a 2009, sun nuna cewa yawancin fan na yau, musamman mazauna saman itatuwa, sun yawaita ne bayan itatuwa masu fure sun kafa kurmi irin na yanzu. Drynaria ɗan zamanin kurmin ne, ba ragowar duniyar da ta gabace shi ba. Irin wannan bincike ne kuma ya rikita sunansa, domin an gano cewa jinsin Drynaria da na Aglaomorpha a cakuɗe suke, ya kamata su zama ɗaya. Rabe-raben da masana fan suka amince da shi a 2016 ya haɗa su a ƙarƙashin Aglaomorpha, wanda shi ne tsohon suna, wasu kuma suka ci gaba da riƙe Drynaria saboda ya fi sanuwa a littattafan magani da na lambu. Wanda ya ci karo da Aglaomorpha quercifolia a rubutu, wannan tsiron ake nufi.

Ƙasar da aka haɗa a sama ba ta zama ta mai ita shi kaɗai. Tururuwa da gara da kyankyasai da shanshani da ƙadandoniya da gizo-gizo suna zaune a ciki, har da tana, wadda mutum ba zai yi tsammanin samunta mita ashirin sama da ƙasa ba, kwaɗi da tsaka da macizai kuma suna fakewa a wurin saboda sanyi da danshi. Wasu tsire-tsire ma, har da ƙananan fan da 'ya'yan ɓaure, a cikin kwandon suke tsirowa. Aikin da ya fi fito da girman wannan al'amari an yi shi ne a kan Asplenium nidus a kwarin Danum da ke Sabah, a tsibirin Borniyo, inda Martin Ellwood da William Foster na Jami'ar Kambirij suka sauko da manyan fan daga ƙolin itatuwa, wasu masu nauyin da ya kai kilo 200, suka tantance abin da ke ciki. Sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna cewa babban fan guda yana iya ɗauke da ƙananan halittu masu nauyin da ya kai na waɗanda ke cikin dukan rassa da ganyayen bishiyar da yake kai, abin da ya sa aka ninka ƙiyasin da ake yi a da na halittun saman kurmin. Kwandon Drynaria ya fi bushewa kuma bai kai wannan girma ba, amma aikinsa iri ɗaya ne, kuma a dazuzzuka masu rani yana cikin 'yan wuraren da ke riƙe danshi a sama. Ganyensa yana da wasu ƙananan ɗigo da ke fitar da ruwa mai zaƙi lokacin da yake ɗanye, abin da ba a saba gani ga tsiro marar fure ba, kuma tururuwa na zuwa sha. A wani fan na Meziko mai irin waɗannan ɗigo, Suzanne Koptur da abokan aikinta sun nuna a 1998 cewa ganyayen da aka hana tururuwa hawa sun fi shan ɓarnar tsutsotsi.

Mutanen yankin sun daɗe da sanin karan tsiron. A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, musamman a tsaunukan Kolli da Yercaud, ana kiransa mudavattukkal kilangu, ana kankare gashin a dafa shi a yi romo da ake sha don ciwon gaɓoɓi, kuma ana sayar da shi ga baƙi masu yawon buɗe ido. A maganin gargajiya na Sin, karan ɗan uwansa Drynaria roosii ne ake ba wanda ya karye, kuma an samu sinadarin naringin a cikinsa. Amfani da karan fan a magani ba baƙon abu ba ne ko a kasuwannin Arewa, domin masanin tsirrai J. M. Dalziel ya rubuta a 1916 cewa agugu, da ake sha don tsutsar ciki, karan wani fan ne da ake kawowa daga Adamawa. Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin bincike da kan ɓeraye sun nuna alamun rage kumburi a ruwan Drynaria quercifolia, amma sakamakon ɓera ba hujja ba ce ga mutum, kuma tallan da ake yi masa ya yi wa shaidar nisa. Abin da ya fi damuna a wannan kasuwa shi ne ɓangaren da ake cira. Wanda ya tsinki ganye ya bar tsiro a raye, amma wanda ya ɓanɓare kara ya tafi da tsiron da kwandonsa da ƙasar da aka shafe shekaru ana tarawa, kuma sabon da zai maye gurbinsa sai ya sake bi ta matakin falle mai haɗari.

Babban sauyin da mazaunin tsiron ke fuskanta shi ne mayar da kurmi gonakin kwakwar manja, bishiyar da asalinta Afirka ta Yamma ne, amma yanzu Indunusiya da Maleshiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya. Fan ba sa ɓacewa a waɗannan gonaki, hasali ma gindin ganyayen da ake sarewa a jikin kwakwar yana zame masu wurin kamawa, har kututturen yakan lulluɓe da su. Manajoji da yawa sun saba sa ma'aikata su kankare su, bisa zaton cewa suna rage amfani ko suna ɓoye 'ya'yan da suka zube. Graham Prescott da abokan aikinsa sun gwada wannan zato a Sabah, inda suka cire tsire-tsiren daga wasu filaye suka bar su a wasu, kuma rahotonsu na 2015 ya nuna cewa cirewar ba ta ƙara yawan amfanin gona ba. Duk da haka gonar ba ta maye gurbin kurmi, domin iskarta ta fi zafi da bushewa, halittun da ke tarewa a cikin fan ɗinta ba su ne na kurmin ba, kuma ana sare kwakwar a sake dasa sabuwa bayan kimanin shekara 25, lokacin da tsayinta ya wuce inda lauje mai doguwar sanda ke kaiwa. Duk kwandon da ke jikinta yana faɗuwa tare da ita, sabbin dashen kuma sai sun yi shekaru kafin su yi kututturen da sifo zai sauka a kai.